Sauya likitan iyali ana shirin takmim: a canza yanzu ko a bari sai an fito?

Wanda yake shirin tiyatar rage ƙiba a Saudiyya, kamar ta rage girman tumbi da ake ce wa takmim, hankalinsa duk yana kan likitan da zai riƙe wuƙa. Wane asibiti ne, nawa za a biya, wa da wa ya yi wa aiki a cikin 'yan uwa, kuma yaya suka ƙare. Likitan iyali kuwa, wanda ake zuwa wurinsa a markaz (cibiyar lafiya ta unguwa) ko mustausaf (ƙaramin asibiti) don sabunta maganin sukari da na hawan jini, ba a cika sa shi a lissafi ba. Sai an zo tsakiyar shiri tambayar take tasowa. An tashi daga unguwar Misfala an koma unguwar Awali a Makka, ko kamfani ya sauya inshora, ko kwantiragin likitan ya ƙare ya koma ƙasarsu, ko kuma dai zama da shi ne ya ishi mutum. To a sauya yanzu, ko a daure sai an fito daga aiki?

A ganina abu biyu ne suke yanke wannan hukunci: saura wata nawa a yi aikin, da kuma wa zai riƙe ka shekara da shekaru bayan an yi. Fara'ar likita tana da daɗi, amma tana bayan waɗannan biyun.

Abin da ke hannun tsohon likita

Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi, wadda ta fito daga wani taron hukumar binciken lafiya ta Amurka, ita ce a yi wa mutum wannan aiki idan ma'auninsa na BMI, wato awon nauyi gwargwadon tsawo, ya kai 40, ko ya kai 35 kuma yana da ciwon da ƙiba ke jawowa, kamar sukari ko hawan jini ko sarƙewar numfashi cikin barci. Lissafin ba wuya: mai kilo 120 da tsawon mita 1.65 yana kan 44. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni biyu, ta Amurka da ta duniya, suka sassauta, suka ce daga 35 ya isa ko babu wani ciwo, kuma a duba masu 30 zuwa sama idan akwai sukari. Sai dai kamfanonin inshora da asibitoci da yawa suna nan a kan tsohon ma'auni. Majalisar inshorar lafiya ta Saudiyya ta sa tiyatar ƙiba cikin abin da inshora ke biya, amma da sharaɗi, da kuma iyakar kuɗi.

Nan ne darajar tsohon likita take. Idan kana kan 37, abin da zai buɗe maka ƙofa shi ne rubutacciyar shaida cewa kana da sukari tun shekara kaza, ga maganin da kake sha, ga nauyinka a kowane zuwa, ga ƙoƙarin da aka yi da abinci da motsa jiki bai ci ba. Wannan duk yana cikin malaf ɗinka, wato fayil ɗinka, a wurinsa. Sabon likita zai iya auna ka yau, ya rubuta abin da ka gaya masa, amma ba zai sa hannu a kan shekaru biyar da bai gani ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a maganar taƙrir, wato rahoton likita da za a kai wa inshora, haka abin yake.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Hausawa fiye da maƙwabtanmu da yawa, wato sikila. Masu ɗauke da rabin ƙwayar suna da yawa a cikinmu, wasu ma ba su sani ba sai a gwajin kafin aure, wanda Saudiyya ta wajabta tun 2004. Likitan da ke sa barci a ɗakin tiyata dole ya san wannan. Haka kuma gwajin sukari na wata uku, wanda ake ce wa tarakumi, yana iya ba da adadin da ba daidai ba ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, ya danganta da irin na'urar da aka yi amfani da ita. Likitan da ya daɗe da kai wataƙila ya riga ya lura cewa tarakuminka bai cika dacewa da abin da kake aunawa a gida ba. Sabo sai ka gaya masa, in ka tuna.

Saboda haka zama da tsoho shi ne hanya mafi sauƙi, kuma ga yawancin mutane ita ce daidai, muddin yana yin aikinsa.

Inda zama yake zama asara

Matsalar ita ce ba kowane likita ne yake yinsa ba. Akwai wanda da ka ambaci takmim zai ce maka ka rage cin shinkafa kawai, ka riƙa tafiya bayan la'asar, ya miƙo takardar magani, a kira na gaba. Ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu. Mutumin da ya kai BMI 44, gwiwoyinsa sun gaji, sujada tana yi masa wuya, ɗawafi sai a keke, ya riga ya ji wannan nasiha sau ba adadi. Likita yana da haƙƙin ya ce bai ga dacewar aikin gare ka ba, amma sai ya faɗi dalili: zuciyarka ce, ko hantarka, ko wata damuwa da ya kamata a fara magancewa. Wanda ya kawo dalili, ka saurare shi da kyau, don wataƙila shi ne yake ceton ranka. Wanda kuwa ba shi da dalili sai jan ƙafa wajen rubuta ihala, wato takardar tura ka asibiti, ko taƙrir, wata yana bin wata, wannan yana ci maka lokaci ne, sukari kuma yana ci gaba da aikinsa a ido da ƙoda.

Alama ta biyu ta fi ɓoyuwa. Likitan ya yarda, ya ce Allah ya sa a yi a sa'a, amma bai taɓa tambayar ko kana minshari har numfashi ya ɗauke ba, bai nemi a duba sinadarin ƙarfe a jininka da bitamin D da B12 ba, bai tambayi ko kana shan sigari ko shisha ba. Irin wannan ba zai hana ka shiga tiyata ba. Bayan ka fito ne za ka ji rashinsa.

Me ya sa wata uku

Idan ranar aiki ta fi wata uku nisa, ko ma ba a sa ta ba, kuma ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, ka sauya yanzu. Wata ukun nan daga jiki na samo shi. Idan aka yi maka minzar, wato aka zura kyamara ta baki aka duba ciki, aka sami ƙwayar cutar nan ta ciki da ake ce wa jarsuma, maganinta kwana 10 zuwa 14 ne, sannan a jira aƙalla mako huɗu kafin a sake gwadawa a ga ko ta mutu. Mako shida ke nan sun tafi. Ƙarancin bitamin D yakan ɗauki kamar mako takwas ana shan babban ƙwaya mako-mako. Ƙarancin ƙarfe, wanda ya yi yawa a mata, yana ɗaukar wata biyu zuwa uku da ƙwayoyi. Tarakumi ba ya nuna sauyi sosai sai bayan wata biyu zuwa uku, kuma likitocin tiyata da yawa suna so ya sauko kusa da 8 ko ƙasa kafin su taɓa mutum. Barin sigari da shisha ana so ya kai mako shida ko fiye. Duk waɗannan aikin likitan iyali ne, kuma sabon da ya karɓe ka da wata uku a gaba yana da sararin yin su. Wanda ya karɓe ka saura mako uku, abin da zai iya shi ne sa hannu.

Ribar sauyawa da wuri ba ta tsaya nan ba. Sabon likitan zai gan ka da nauyinka na yanzu, da jininka na yanzu, da yawan insulin da kake yi yanzu. Idan ka dawo masa bayan aiki yana da abin da zai gwada da shi.

Sauyawar tana da tsadarta. Za a buɗe sabon malaf, za a sake tambayar komai daga farko, kuma kusan ko yaushe za a sake wasu tahlil, wato gwaje-gwaje. A asibitin kuɗi wannan yana nufin biyan kason da inshora ke bar maka a kowane zuwa, ko biyan duka in ba ka da inshora. Sauƙin da ke akwai shi ne komawa wurin likitan da ya duba ka, a kan ciwo guda, cikin kwana 14, kyauta ne a asibitocin kuɗi, don haka ka yi gwaje-gwajen da wuri ka koma da sakamako kafin kwanakin su cika.

Hanyar gwamnati da hanyar inshora ba ɗaya ba ne a nan. Ga wanda yake da damar markaz na gwamnati, markaz ne yake tura ihala zuwa asibiti, kuma yawanci an ɗaure shi da adireshin gidanka. Idan ihala ta riga ta tafi, asibiti ya karɓa ya ba ka mau'idi, wato ranar ganin likita, to sauya markaz ba ya fitar da kai daga hannun asibitin. Idan kuwa ba ta tafi ba, sabon markaz ne zai fara daga tushe, don haka ka tambaya a fili kafin ka motsa: an tura ko ba a tura ba? Ga mai inshora, asibitin da zai yi aikin ne yake neman muwafaƙa, wato amincewar inshora, ba likitan iyali ba. Sauya likitan iyali bai soke ta. Abin da yake rusa ta shi ne sauya kamfanin inshora ko sauya asibitin tiyata. Mutane suna haɗa waɗannan biyun, su zauna da likitan da ba ya amfaninsu don tsoron abin da ba zai faru ba, ko su yi sakaci da ranar da inshorar wurin aikinsu za ta ƙare, wanda shi ne haɗarin gaske.

Idan saura makonni

Idan an sa rana kuma saura mako shida ko ƙasa, shawarata ka zauna inda kake. A wannan tsakanin ne ake taɓa magunguna, kuma kuskure a nan yana da tsada. Magungunan sukari irin su Jardiance da Forxiga ana tsayar da su kamar kwana uku kafin aiki, saboda suna iya jawo wani mummunan tsamin jini ko da sukari bai hau ba. Allurar mako-mako irin Ozempic da Mounjaro tana sa abinci ya daɗe a ciki, don haka likitan barci ne zai faɗi yadda za a yi da ita. Masu tsinka jini suna da nasu tsarin. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin akan tsayar da ita kamar wata guda kafin aiki, saboda gudan jini. Ga kuma abincin mako biyu na ƙarshe da ake yi don hanta ta rage girma, wanda yake iya faɗar da sukarin mai yin insulin idan ba a rage masa ba. Wanda ya san jikinka ya fi dacewa da wannan aiki, ko da ba ka jin daɗin zama da shi.

Abu biyu ne za su sa in ce a tashi ko da saura mako ɗaya: idan likitan yana ba da umarnin da ya saɓa wa na likitan tiyata kuma ya ƙi tuntuɓarsa, ko ya taɓa rubuta maka maganin da ka gaya masa jikinka ba ya ɗauka. A irin wannan hali ma ba sai ka yi ta neman sabon likitan iyali a gurguje ba. Ka roƙi asibitin tiyata su haɗa ka da likitansu na cikin gida ko na sukari ya riƙe magungunanka har a fito.

Wasu sukan raba ƙafa: suna zuwa wurin tsoho don takardu, suna zuwa wurin sabo don shawara. Ana iya yi, kuma ni ma na fi son a je a ga sabon sau ɗaya kafin aiki, ya san fuskarka. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya ne zai riƙa rubuta magani, kuma kowannensu ya san da ɗayan. In ba haka ba sai a wayi gari mutum yana shan Glucophage daga wannan, yana shan metformin ɗin wani kamfani daga wancan, yana ganin magani biyu ne alhali ɗaya ne.

Bayan an fito

Nan ne ainihin aikin yake, kuma da shi ya kamata a auna likitocin biyu. A takmim ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi. A tahwil masar ana yin ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Likitan tiyata zai gan ka 'yan lokuta a shekarar farko, daga nan zuwa yakan ragu. Sauran rayuwa tana hannun likitan iyali.

Cikin kwanakin farko sukari yakan sauka tun kafin nauyi ya fara zubewa. Wanda ya ci gaba da yin insulin yadda ya saba zai iya tashi da asuba jiki yana rawa, gumi ya jiƙa riga, ya kasa gane inda yake. Maganin hawan jini ma haka, musamman mai sa fitsari: mutum yana kurɓar ruwa da ƙyar, ga zafin Jidda ko Makka, ya miƙe daga sallah jiri ya kwashe shi. Saboda wannan ne nake ganin watan farko zuwa na biyu bayan aiki shi ne mafi munin lokacin sauya likita. Idan ka daure da tsoho har aka yi aikin, ƙara daurewa har magunguna su daidaita.

Bayan haka sai doguwar tafiya. Ana duba jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara: ƙarfe, B12, folik, bitamin D, kalsiyam, da sauransu. Bitamin na yau da kullum ba a barinsa. Amai da ya ƙi tsayawa yana iya ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, kuma wannan yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba abin jira ba ne. Saurin ramewa yana kawo tsakuwar matsarmama. Brufen da Voltaren, waɗanda kusan kowane gida yake da su a durowa, suna iya jawo gyambo, musamman bayan tahwil masar. Ƙwayoyin da aka yi su don narkewa a hankali ba lallai su yi aiki yadda suka saba ba. Likitan da ya san waɗannan ba sai an tuna masa ba, shi ne kake nema.

Ga mata akwai ƙari. Ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, alhali a daidai wannan lokaci ne haihuwa take sauƙaƙa ga wadda ta daɗe tana nema, saboda al'ada tana daidaita idan nauyi ya sauka. Ƙwayar tsarin iyali ta sha kuma ba abin dogaro ba ce sosai bayan tahwil masar. Idan ba za ki iya buɗe baki ki yi wannan magana da likitanki na yanzu ba, wannan kaɗai dalili ne mai ƙarfi na neman likita mace, kuma ki neme ta da wuri.

Harshe ma yana cikin lissafi. Da yawa daga iyayenmu suna jin Larabcin kasuwa da na unguwa sarai, amma bayanin magani wani abu ne daban. A cikin likitocin Sudan da ke aiki a nan akan dace da mai jin Hausa. In ba a samu ba, a tafi da ɗa ko 'ya, mutum ɗaya a kowane zuwa, don kada labari ya rarrabu.

Yadda za ka gane sabon

A zama na farko ka tambaye shi kai tsaye ko yana da marasa lafiyar da aka yi wa takmim, wane gwaji yake yi musu kuma yaushe, da abin da zai ba ka idan bayanka ya yi ciwo. Idan ya ce Voltaren ba tare da ya tsaya ba, ka sami amsarka. Ka tambayi yadda ake samunsa idan sukari ya faɗi ranar Juma'a, da kuma ko yana sa ran daɗewa a wurin, domin sauya likita zuwa wanda zai tafi bayan wata huɗu wahala ce sau biyu. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Saudiyya tana raba su daraja-daraja, daga likita na gama-gari zuwa akhissa'i (ƙwararre) zuwa istishari (babban ƙwararre), kuma ana iya duba rajistar mutum a shafinta. Ga mai sukari da insulin, ƙwararre a fannin likitancin iyali ya fi dacewa da likita na gama-gari.

Ka tambaye shi maganar azumi kuma. Wanda aka yi wa aiki dab da Ramadan ba zai iya shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwa, da cin furotin ɗin da ake so, tsakanin magariba da asuba da ɗan ƙaramin tumbi ba. Hukuncin lafiyar na likitan tiyata ne, amma likitan iyali ne zai zauna da kai ya tsara magunguna. Ga mazauna Makka da Madina, lokacin Hajji ma yana canza tsarin mau'idi, don haka kada a bar gwajin da ake jira ya faɗa cikinsa.

Idan sauyin ba da son ranka ba ne, likita ya tafi ko inshora ta canza, to maganar zaɓi ta ƙare, saura kwashe kaya. Taƙrir haƙƙinka ne, ka nema tun kafin ranar ƙarshe. Ka karɓi sakamakon gwaje-gwaje na shekara biyu a takarda, da na minzar, da na zuciya, da na barci in an yi. Manhajar Sehhaty tana nuna wasu abubuwa, amma kada ka dogara cewa duk abin da aka yi a mustausaf na kuɗi zai bayyana a ciki. Ka tabbata kana da maganin da zai kai ka wata guda ko biyu.

Ranar zuwa wurin sabon, a zuba komai a leda ɗaya a juye a kan teburinsa: kwalayen magani da takardar farmasi a jiki, alƙalamin insulin, na'urar awon sukari da littafinta, har da abin da ba a kira magani ba. Man habbatus sauda, shayin rage teɓa da aka saya a wurin mai aɗɗara, wato mai sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, ƙullin garin da wata 'yar uwa ta kawo daga Kano lokacin Umara. Iyaye sukan ɓoye wannan don kunya. A nan ne 'ya za ta ce, "Umma, ki fito da jiƙon nan ma ya gani." Wasu daga cikin waɗannan suna tsinka jini, wasu suna taɓa hanta, kuma likitan barci yana buƙatar sanin su kamar yadda yake buƙatar sanin sauran.

Kafin ka bar ofishinsa ka sa ya ba ka mau'idi na mako na farko ko na biyu bayan ranar aiki, ka kuma rubuta masa sunan likitan tiyata da lambar asibitin. Ku yi magana a kan abin da ba nasa ba ne: bugun zuciya da ya haura 120, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi da ƙyar a makonnin farko. Waɗannan ba a kai su markaz, ba a jira mau'idi. Asibitin da ya yi aikin ake komawa nan take, ko a kira motar asibiti a 997. Tambayar da ba ta gaggawa ba, cikin dare ko ranar hutu, layin ma'aikatar lafiya na 937 yana amsawa.